Zagaye Ɗaya da Rabi

Babu wata al'umma da ta taɓa ɗaukaka a doron ƙasa sai da ta fara sanin yadda za ta shigo da ruwa mai kyau cikin gida, ta kuma fitar da marar kyau. Masu mulki sun zo sun wuce, mayaƙa sun ci garuruwa an ci nasu, amma bututu yana nan kwance a ƙarƙashin ƙasa yana riƙe da mutuncin kowa. Da wannan jawabi malamin aikin famfo ya buɗe ajinsa a ranar farko, yana tsaye gaban mutum ashirin da biyu a cibiyar koyon sana'a, hannunsa ɗaya a ƙirji. Da ya gama sai ya ƙara da sanarwa cewa duk mai buƙatar kewayawa ya tsallaka titi zuwa gidan mai, domin banɗakin cibiyar shekararsa biyu a kulle, yoyo yake yi.

A bencin ƙarshe, kusa da ƙofa, akwai mutum ɗaya da bai yi dariya ba. Ya gane abin dariyar sarai, sai dai dariya tana taɓa masa ƙugu, shi ya sa ya daina yin ta sai dole. Shekararsa arba'in da bakwai. Ya girmi malamin, kuma ya isa ya haifi rabin ajin. Tamau ake ce masa, sunan da ya samo a wata ma'ajiyar kayan gini inda ya shekara ashirin da shida yana loda kaya a manyan motoci yana ɗaure su. Sunan ya bi shi har gida, matarsa ma in ranta ya ɓaci haka take kiransa.

A wancan aikin ba shi da na biyu. Direba yakan bar layinsa ya koma baya don kawai a ce Tamau ne zai ɗaure masa rodi ko buhunan siminti. In ya kama igiya, ya taka taya da ƙafa ɗaya, ya saki dukan jikinsa baya, sai ka ji motar tana ƙara kamar mai neman afuwa. Can inda za a sauke kayan kuwa ba a kwance ƙullinsa, sai dai a sa wuƙa. Direbobi su dawo su isar masa da zagin masu saukewa ɗaya bayan ɗaya, ba su rage ko kalma, shi kuma ya karɓa yana murmushi kamar an rataya masa lambar yabo.

Duk simintin da ya ɗauka bai kayar da shi ba. Wata safiya ce iska ta ɗauke masa hula, ya sunkuya zai ɗauka, ya kasa miƙewa. Mutum huɗu suka ɗora shi a kan wani allon katako, a lanƙwashe yadda yake, hular a hannunsa. Likita ya ɗaga hoton ƙashin bayansa a gaban taga ya nuna masa wurare biyu da bakin biro. Ya ce abin da ke tsakanin ƙasusuwan ya cinye. Kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi bokitin ruwa nauyi, kada ya daɗe a sunkuye, kada ya yi aikin da ke jijjiga jiki. In ya ƙi ji, ƙafafun ne za su fara mutuwa, ta hagu tukuna, ta dama ta biyo baya. Tamau ya tambaya ko akwai allura. Likita ya ce allurai suna da yawa, amma babu ta wannan. Manajan ma'ajiyar mutumin kirki ne: ya tara ma'aikata, ya yi jawabi mai taɓa zuciya, ya ba Tamau agogon bango.

Wata bakwai ya yi a gida. Matarsa ta ƙara yawan wankin da take karɓa daga gidajen unguwa, har igiyoyin tsakar gida suka zama uku, kuma ba ta taɓa ce masa uffan ba. Da ma ta yi magana, da ya samu abin mayar wa martani. Babbar 'yarsu ce ta ga sanarwar a waya ta karanta masa: horon wata huɗu a kan aikin famfo, kuma wani ɗan kwangila da ke gina rukunin gidaje a bayan gari ya yi alkawarin ɗaukar duk wanda ya ci jarrabawar ƙarshe. Tamau ya auna abin a ransa. Kan famfo bai kai nauyin bokiti ba, sifana ma haka. Aiki ne na yatsu, a tsaye ko a zaune, a cikin inuwar gini. A iya saninsa, wannan ce sana'ar da ta rage wadda za ta ciyar da gidansa ba tare da ta karɓi ƙafafunsa ba. Ya ce wa yarinyar ta rubuta sunansa, ta rage shekara biyu. Ta ce ai katinsa za su duba. Ya ce to ta bar su yadda Allah ya yi su.

Ɗakin horon dogo ne, rufin kwano, da tebura shida na ƙarfe, kowanne da abin danne bututu a gefensa. Warin gam ya kama bangon har ya zama kamar fenti. Malamin, wanda kowa ke kira Injiniya ko da yake ba wanda ya taɓa ganin takardar, siriri ne mai saurin magana, yana yawo da guntun bututu a hannu yana nuna abubuwa da shi. Tun ranar farko ya fara kiran Tamau Baba, ajin duka ya ɗauka.

Makonni biyun farko sun yi wa Tamau daɗi. Awo ake koya da yanka. Mutumin da ya shekara ashirin da shida yana kallon kaya ya faɗi tsawon igiyar da za su ci, awon bututu ba zai ba shi tsoro ba. Zarto kuma a hannunsa ba ya karkata. Injiniya yakan ɗaga abin da ya yanka ya zagaya da shi.

"Ku dubi yankan Baba. Ku dubi naku. Wannan wane ne ya yi? Kai ne? Zarto aka ba ka ko akuya ka sa ta gwaguya maka?"

Darasin allo ne ya ɗan wahalar da shi, inda ake bayanin gangaren bututun ƙazanta, da dalilin da ya sa ake barin ruwa a lanƙwasar ƙarƙashin kwanon wanke hannu don ya tare wari. Rubutunsa ba shi da sauri, kafin ya kwafi layi ɗaya an goge uku. Amma ya gane abin da kansa, domin ruwa kamar kaya ne, inda ya ga gangare can yake nufa.

A mako na uku aka zo kan haɗi mai zare, wato inda bakin bututu ke da tsaga-tsaga kamar na noti, ana murɗa shi cikin ɗan'uwansa. Injiniya ya ɗauki gwiwa, guntuwar robar nan mai lanƙwasa da ke juya bututu zuwa wani gefe, ya ɗaga sama kowa ya gani.

"Ku saurara, sau ɗaya zan faɗa, sannan in yi ta maimaitawa har wata huɗu. Ka naɗa farin tef a kan zaren, ta inda zaren yake tafiya. Ka murɗa da hannu har ya tsaya. Sai sifana, zagaye ɗaya da rabi. Daga nan ka ajiye sifanar, ka sa hannu a aljihu, ka tuna da iyayenka."

Tamau ya naɗa tef kamar yadda aka ce. Ya murɗa da hannu har ya tsaya, sai dai inda hannunsa ke tsayawa ba nan na sauran mutane ke tsayawa ba. Ya sa sifana, ya yi zagaye ɗaya da rabi. Ya taɓa haɗin, ya ji kamar yana lilo. Ya ƙara rabi. Ya ƙara wani ɗan kaɗan don kwanciyar hankali. Gwiwar ta ce ƙas, ta tsage daga baki har wuya.

Injiniya ya zo ya tsaya a kansa.

"Baba, me ta yi maka?"

"Motsi take yi."

"Ba ta motsi."

"A hannuna tana motsi, Injiniya."

"Baba, a hannunka ko ginin nan motsi zai yi. Roba ce. Ba ta gudu, ba ta da inda za ta. Ruwa kawai za ta riƙe, kuma tef ɗin ne ke tare shi, ba ƙarfinka ba."

Tamau ya ce ya gane. Aka ba shi wata. Wannan ta ɗan jima kafin ta bi 'yar'uwarta.

Injiniya ya samo wani tsohon bokitin fenti ya ajiye a ƙarƙashin teburin Tamau, samarin ajin suka sa masa suna maƙabarta. Da zarar an ji ƙas daga bencin baya, sai su ajiye abin da ke hannunsu su haɗa baki: "Allah ya jiƙan rai." Tamau yakan ce amin tare da su, don in bai ce ba abin zai fi yi masa nauyi. Kafin wata na biyu ya ƙare, bokitin ya karɓi gwiwa goma sha bakwai da kan famfo uku, ban da bawul ɗaya na ƙarfe, wato makullin ruwa, wanda Injiniya bai jefa ciki ba. Ya zagaya da shi sauran azuzuwa ya nuna wa malaman walda da na wutar lantarki, domin a shekarunsa na koyarwa bai taɓa ganin an tsaga irinsa da hannu ba.

Ranar nan da aka tashi ya tsayar da Tamau a bakin ƙofa, ya rage murya.

"Baba, ba wasa nake ba yanzu. Ranar jarrabawa haɗi takwas ne, kaya takwas za a ba kowa, babu na tara. Ka fasa ɗaya, ka tattara ka tafi gida. Kuma ajin gaba ba sa ɗaukar wanda ya wuce arba'in da biyar, kai ma sai da na yi magana."

Tamau ya yi godiya. A motar haya ya tsaya a tsaye duk da akwai kujera, domin zama a kan ramukan titi ya fi tsayuwa azaba.

Ya tarar da matarsa a tsakar gida tana ninke zannuwan gado na mutane. Ya zauna a kujerarsa, wadda aka kafa wa katako a baya.

"Yau nawa?" ta tambaya, ba ta ko juyo ba.

"Biyu."

"An samu sauƙi. Jiya uku ne."

"Jiyan ɗaya dama a tsage aka ba ni."

"Haka ne. Maigida, ni fa ban yi mamaki ba. Shekara ashirin da uku ina zagaya maƙwabta da kwalbar mai a hannu ina roƙon a buɗe mini. Matar mai shagon can har ta taɓa jana gefe ta tambaye ni wai ko rowa ce ta sa kake rufewa haka."

"Ƙuda nake hanawa."

"Ka hana ƙuda, ka hana mu."

Ta shiga kicin ta kwaso duk wani abu mai murfi, kwalabe da robobi da jarkar ruwa, ta jera a gabansa a kan tabarma. Ta ce ya rufe ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ta iya buɗewa da hannu ɗaya ya ci. Ya rufe ta farko a hankali kamar mai shafa kan jariri. Ta kama, ta murɗa, ta sa bakin zane, ta matse kwalbar a tsakanin gwiwoyinta, ta kalle shi. Ta biyu ma haka. A ta biyar dariya ta ci ƙarfinta har ta zauna a ƙasa. Tana cikin share hawaye ta ga yana murza ƙafarsa ta hagu da tafin hannu, daga gwiwa zuwa idon sawu.

"Ƙafar ce?"

"Barci ta ɗan yi."

"Tun yaushe take barcin?"

Ya ci gaba da murzawa. Ta tattara kwalaben ta mayar kicin, ta daɗe a can fiye da yadda jera kwalba ke buƙata.

A teburin da ke kusa da nasa akwai wata mata da ake kira Tela. Shekara goma sha biyu ta yi tana ɗinki kafin idonta ya daina ganin kafar allura. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma bakinta ya fi almakashinta kaifi. Ita kaɗai ce a ajin ba ta ce masa Baba, Yaya take ce masa, wai don kada ya tsufar da ita. Haɗinta bai taɓa yoyo ba, bai taɓa tsagewa ba, kuma tana yi tana hira kamar ba ita ke yi ba.

Wata rana a lokacin hutu suna zaune a inuwar tankin cibiyar, ta gutsura burodinta ta miƙa masa rabi.

"Yaya, tsakani da Allah, in ka kai zagaye ɗaya da rabi me kake ji?"

"Sako-sako."

"Idonka yana ganin ya zauna."

"Ido daban, hannu daban."

Ya juya burodin a hannunsa. Abin da bai taɓa gaya wa ko matarsa ba sai ya ji yana fitowa, wataƙila don Tela ba ta kallonsa, tana kakkaɓe gari daga cinyarta.

"Ina shekara ashirin da ɗaya, watana uku da fara aiki. Rodi muka loda. Maigidana a aikin ya ce in riƙe bakin igiya, shi ya ƙulla. Da ya gama na ji ta da sako-sako a hannuna. Na ji sarai. Amma shi babba ne, ni sabon zuwa, sai na yi shiru. A kwanar farko bayan gada rodin ya zame. Akwai wani mai keke a gefen titi, da kwandon ƙwai a bayansa." Ya ajiye burodin a kan gwiwarsa. "Waɗanda suka je sun ce ƙwai shida ba su fashe ba."

Tela ta daina kakkaɓar.

"Allah ya jiƙansa."

"Amin."

"Amma Yaya, shekara ashirin da shida kana ɗaure wancan rodin. Ai ya ɗauru."

Da suka koma ciki sai Tela ta buɗe jakarta ta ciro wani guntun alli mai faɗi, irin wanda teloli ke zana yadi da shi.

"Ni ma keken ɗinkina in na matse zare da yawa, rigar takan yi kyau a kan tebur, ranar da aka sa ta ta ɓarke a hammata. Hannunka ba ya jin magana, to mu daina yi masa magana. Murɗa da yatsu uku, ban ce biyar ba. Ya tsaya? Kawo."

Ta ja layi a kan bututun, ta ja wani a kan gwiwar, ta ɗaya gefen.

"Layin nan zai wuce wancan sau ɗaya. In ya sake zuwa suka haɗu, ka saki. Ko hannunka ya yi kuka, ka ce masa Tela ce ta ce."

Ya yi yadda ta ce. Layukan suka haɗu, ya saki sifanar, gumi ya keto masa kamar wanda ya sauke mota guda. Duk jikinsa yana gaya masa cewa ya bar aiki a rabi. Injiniya ya zo ya buɗe ruwa, ya shafa haɗin da yatsa, ya duba yatsan, ya sake shafawa.

"Wa ya yi maka?"

"Ni na yi."

"Wannan zanen fa?"

"Alli ne," in ji Tela daga teburinta. "Ko akwai dokar da ta hana alli?"

Injiniya ya yi tunani, ya ce a iya saninsa babu.

Daga ranar maƙabarta ta daina samun baƙi, in ban da sau biyu da allin ya ɓata. Samarin ajin har suka fara ƙorafin cewa aji ya yi shiru. Tamau dai bai samu natsuwa ba. Kowane haɗi da ya bari a kan layin alli yakan bi shi har gida, ya zauna yana cin abinci yana jin sa a tafin hannu yana lilo. Wata rana har ya sauka daga mota a rabin hanya zai koma ya duba, sai ya tuna an kulle cibiyar.

Ranar jarrabawa aka ba kowa kayansa a leda, aka ce ya ƙirga a gaban Injiniya. Za a haɗa bututu mai kusurwa huɗu da kan famfo a gefe, haɗi takwas. In an gama, a cika shi da ruwa, a matsa da famfon hannu har allurar agogon gwaji ta hau kan jan layi, sannan a jira minti goma sha biyar. In allura ta tsaya, ka ci. In wani haɗi ya yi yoyo, an yarda ka taɓa shi sau ɗaya. In ya tsage, ƙofa tana nan inda ka bar ta.

Tamau ya yi aikinsa da yatsu uku da alli. Shi ne na ƙarshe da ya gama. Injiniya ya matsa ruwan da kansa, allura ta hau, ya duba agogon hannunsa. Tamau ya sa hannuwansa biyu a aljihu ya damƙe cinyoyinsa ta ciki.

A minti na huɗu ya gan shi. A ƙarƙashin haɗi na shida, can ƙasa kusa da ƙafar tebur, wani ɗigo ya taru, ya yi ciki, ya faɗi. Wani ya fara taruwa a wurinsa.

Injiniya ma ya gani. Ya juya ya fuskanci taga, ya yi magana kamar da itacen da ke waje yake.

"Irin wannan kwatan zagaye yake so. Kwata. Ni dai ban ce komai ba."

Tamau ya durƙusa, abin da ke ɗaukarsa lokaci, hannu ɗaya a kan tebur, ƙafar hagu tana biyowa a makare. Ya duba haɗin. Ruwan ya wanke allin tas, kuma ko da yana nan, layin ya riga ya cika aikinsa, babu wani zane da ke nuna kwata. Ya ɗora sifana. Waɗanda suka gama duk sun juyo. Tela tana tsaye a teburinta ta harɗe hannuwa, an hana kowa magana, kuma ana ganin abin yana cin ta.

Ya ja. Haɗin ya tafi a sauƙaƙe, da irin sauƙin nan da ya fi tsana a duniya. Kwata ya cika. Hannunsa ya ce saura, kafaɗarsa ta riga ta shirya, ƙafarsa ta dama har ta nemi abin takawa. Ya san wannan sako-sakon, ya san shi tun yana shekara ashirin da ɗaya. Bai iya sa hannun ya tsaya ba, sai ya buɗe yatsun gaba ɗaya.

Sifanar ta faɗi a kan siminti da ƙara. Biyu daga cikin samarin har sun buɗe baki za su yi addu'ar da suka saba, suka ga babu gawa. Injiniya ya dawo daga taga, ya sunkuya da tsumma ya goge haɗin, ya jira, ya shafa da yatsa. Ya ƙara matsa ruwan zuwa jan layi ya sake duba agogonsa daga farko. Tamau bai tashi ba, domin tashin sai da taimako, kuma ba ya so a gani. A durƙushe ya yi minti goma sha biyar ɗin yana kallon allura. Ba ta motsa ba.

Mutum goma sha huɗu suka ci. Aka ba su takardar shaida mai hatimi, Injiniya ya yi wani jawabin. Tela ce ta kama Tamau ta gwiwar hannu ta ɗaga shi tana cewa allinta dai a dawo mata da shi, ba kyauta ta bayar ba. A gida matarsa ta sa babbar 'yarsu ta karanta takardar da ƙarfi har sau biyu, ta sa ta a leda, sannan ta ajiye wankin mutane gefe ta wanke rigar aikinsa ta goge ta, har da aljihu.

Ranar Litinin da safe motar ɗan kwangila ta sauke su a wurin ginin. Gidaje ne a jere, fiye da talatin, an yi rufi ba a yi fenti ba, tagogi babu gilashi. Shugaban ma'aikata ya fito daga wata kwantena da hular kwano a kai da takarda a hannu. Ya bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen katako.

"Ke, da kai, da ku huɗun nan, ku shiga gida na farko. Akwai kawunan famfo da kwanonin wanke hannu, za a nuna muku." Ya zo kan Tamau, ya dubi kafaɗunsa, ya dubi damatsansa, fuskarsa ta washe. "Kai Baba, Allah ne ya kawo ka. Irinku nake nema, yaran yanzu duk ruwa ne."

Tamau ya ciro takardarsa daga leda ya miƙa. Mutumin ya ce ya mayar kada ƙura ta ɓata ta.

"Ranka ya daɗe, akwai 'yar magana. Bayana ne, likita ya ce..."

"Baba, kowa a nan da bayansa ya zo. Famfo sai da ruwa, ruwa sai an shimfiɗa babban bututu, bututu kuma sai da rami. Sabon zuwa daga nan yake farawa, ni ma daga nan na fara. Ka yi mana wata shida, in an ga hannunka sai a shigar da kai ciki. Ko akwai matsala? Don akwai mutum tara a bakin ƙofa tun asuba suna jira."

Tela ta tsaya a ƙofar gida na farko tana waiwaye, har wani ya kira ta daga ciki. Tamau ya dubi ƙofar shiga inda mutum taran suke tsaye, ya dubi takardar. Ya mayar da ita cikin leda, ya ninke, ya sa a aljihun da aka goge, ya ce babu matsala.

Aka miƙa masa diga. Ramin zai tashi daga bakin titi zuwa gida na ƙarshe, mita ɗari uku da arba'in, zurfinsa daidai ƙugu. Ƙasar wurin tsakuwa ce.